Faifan da Ka Ɓoye a Al Asmakh

Baban Ummi,

Assalamu alaikum, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Amma ina da magana, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Na fita takaba ranar Talata. Kafil ɗinka, uban gidan da ya tsaya maka a ƙasar nan, ya yi mana kirki, ya ce mu zauna a gidanmu na unguwar Old Airport a nan Doha har Ummi ta gama jarrabawa, sannan mu koma Kaduna. Hajiyarka ta samu sauƙin ƙafar. An yi wa ƙaninka Sani haihuwa, namiji, an sa masa sunanka.

Labarin gida ke nan. Saura nawa da kai.

Kwana biyu da fitata sai ga Bulus, abokin aikinka ɗan Jos da kuke gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi da matarsa Rahila. Ya daɗe yana juya hula a hannu kafin ya ce akwai kayanka a gidansu. Na ɗauka kayan aiki ne. Suka ɗauke ni a mota zuwa tsohon gidan da suke zaune a unguwar Al Asmakh.

Baban Ummi, me na gani? Bango guda na faifan garmaho, a tsaye, kowanne cikin ledarsa. A jikin kwalayen hotunan samarin Turawa ne, masu zanko kamar zakara, tufafi a yage. Bulus ya ce sunan kiɗan pank, tsofaffin waƙoƙi ne na lokacin ƙuruciyarku da aka sake bugawa a sababbin fayafayai, kai kuma kana aikawa a kawo maka ɗaya bayan ɗaya ta gidan waya, a zamanin da kowa ya koma ƙananan fayafayan sidi. Ya ce da hannunka ka kafa na'urar ɗakin, don kada zafin Doha ya lanƙwasa su. Ya nuna mini ƙyallen da kake goge su da shi. Tsohon mayafina ne, wanda na yi ta nema bara.

Na ce ya sa mini ɗaya. Ya ɗora allura, sai hayaniya ta cika ɗakin, ganga da jita da ihu. Ya ce nan kake zuwa duk Juma'a bayan masallaci, ka ɗauki sukudireba biyu kana dukan tebur, kana dariya har da hawaye. Ya ce kai ne makaɗin gangar wata ƙungiyar ɗalibai a makarantar koyon sana'a. Ni kuwa cewa kake yi ƙarin aiki ya tsare ka.

Kai ne fa? Kai da ka taka kaset ɗin waƙoƙin bikinmu da ƙafa, ka ce gidanka ba gidan kiɗa ba ne? Kai da aka zaɓi Ummi ta yi waƙa a taron makaranta, ka ce 'yarka ba za ta tsaya gaban jama'a tana wage baki ba? Ka san tun ranar yarinyar nan ba ta ƙara rera komai ba, ko a wajen wanke-wanke?

Da mace na tarar, wallahi da na san sunan abin da ke damuna. Amma shekara goma sha takwas ina zaune da mutum mai ɗaure fuska, ashe mai dariyar yana wani ɗaki, ba a taɓa nuna mini shi ba. Me na yi da ban cancanci ganinsa ba?

Ni ma bari in faɗi nawa. Ina da ƙaramar rediyo a kicin, bayan buhun shinkafa. Da na ji ƙarar motarka sai in kashe. Tsoronka ya sa na ɓoye. Kai tsoron wa kake ji?

Bulus ya ce akwai wani Bature da ke son saye. Na ce a'a. Jiya na kai Ummi. Ta saurari faifai guda har ƙarshe ba ta motsa ba, sannan ta tambayi Bulus ko kana bin waƙar. Ya ce ƙwarai, kuma muryarka ba ta da daɗi ko kaɗan. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ce da su za mu tafi Kaduna, ba za a bar ko ɗaya ba. Ban hana ta ba. Na gaji da hani a gidan nan.

Ranar da za a ɗauke ka, na durƙusa a kanka na ce na yafe maka duniya da lahira. Abin da na sani na yafe. Wannan kuwa ban san da shi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata ba ta sake shi ba tukuna. Ina yi maka addu'a bayan kowace salla. Ka yi haƙuri ka jira ni kaɗan.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Matarka, wadda ta san rabinka,
Maman Ummi