Wa Ke Ɗauke Lemun Tsami?

Zuwa ga Lorna Haugen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Ni ne Norbert, Kawu Norb na reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji, wanda kike ja wa gemu kina ƙarama. Da na kira ki a waya, amma kunnen nan nawa ya mutu, sai mu yi ta ihu a banza.

Maganar babanki ce, kuma ni kaina ban gane kanta ba. Kin san ɗan teburin nan na kusurwar zauren ƙungiyarmu, wanda muke shirya wa 'yan'uwanmu da suka tafi yaƙi ba su dawo ba: farin ƙyalle, jan fure, kofi a kife, gishiri da yankan lemun tsami a faranti, da kujerar da ba a zama a kai. To, ranar Juma'a muna tsakiyar sayar da soyayyen kifi don tara kuɗin gyaran rufi, zaure cike da baƙi, sai babanki Arlen ya ɗauko farantinsa, ya ja kujerar nan ya zauna. Ya ɗauki lemun ya matse a kifinsa! Kowa ya juyo yana kallonsa. Gus Pelkey, kin san shi da zafin kai, ya tsaya a kansa ya ce, "Arlen, ka haukace ne? Tashi!" Babanki ya ɗago ya ce, "Bari in gama, Gus, kifi in ya huce ba daɗi."

Mutumin da ya koya mana shirya teburin da hannunsa! Hankalina ya tashi, shi ya sa na ce gara ki sani.

Naki,
Kawu Norb

Kawu Norb,

Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki? Na kira Baba da na karanta wasiƙarka. Ya ce ba komai, gwiwa ce. Na ce wace gwiwa kuma, ana maganar tebur? Ya ce in gaida yara, ya ajiye waya.

Haka Mama ta fara, Kawu, kafin ta manta sunana. Tsoro nake ji. Na yi magana da wani gidan kula da tsofaffi kusa da ni a Duluth, suna da ɗaki ƙarshen wata. Na san raba shi da zauren nan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba zan jira ya ɓace a hanya ba. Ka gaya mini gaskiya, kansa ya fara juyewa?

'Yarka,
Lorna

Lorna,

Bayan gaisuwa, mun yi taro, kuma gara da ba mu yi ba. Gus ya kawo shawarar a hana babanki shiga zaure na wata guda. Kafin a ce komai sai Bernice, mai soya mana kifi, ta leƙo daga kicin ta ce, "Ashe shi ne! Shekara da shekaru ina yanka lemun nan yana ɓacewa, har tarkon ɓera na kafa!" Gus ya ce ba maganar ɓera ake ba. Wani daga baya ya ce wane ɓera, a rufin? Na ce a ɗaga hannu. Rabin mutane suka ɗaga, ashe sun ɗauka ƙuri'ar tafiya yawon tafki ce. Mun tashi da amincewar zuwa tafki a bas, babanki kuwa ba mu san ko an kore shi ko ba a kore shi ba.

Game da tambayarki, ranar Talata ya yi mini kaca-kaca a karta, har ya tuna mini sunan karen da ni mai shi na manta. Amma kuma ya zauna a kujerar nan. Ban sani ba, 'yata. Na gaya masa zancen Duluth, ya ce zai rubuto miki da kansa.

Kawu Norb

Lorna 'yata,

Ina gaishe ki, ki shafa mini kan yara. Kaina lafiya lau.

Akwai wani yaro a rukuninmu na soja, Eloy Baca, ɗan jihar New Mexico. Ban taɓa ba ki labarinsa ba. Tare muka shiga daji lokacin yaƙi, shi bai fito ba. Abu biyu ya tsana a duniya: lemun tsami, da cin abinci shi kaɗai. Ko biskit ya samu sai ya nemo wanda zai tauna kusa da shi. Mu kuma don mu girmama shi muka ajiye shi a kusurwa shi kaɗai, da lemun tsami a gabansa.

Tun da aka fara teburin nan, kowace Juma'a nakan tsaya gefensa in ci kifina a tsaye, in ɗauke masa lemun. Kowa ya ɗauka wurin zama na rasa. Yanzu gwiwa ta ƙi tsayuwa. Ko in zauna, ko in bar shi. Na kuwa san Eloy, cewa zai yi, "Zauna mana, tsoho."

In kin ce Duluth, ba zan yi miki gardama ba. Ki dai gaya mini wa zai ci da shi.

Babanki

Lorna,

Gaisuwa. Na ji kin fasa kama ɗakin Duluth, Allah ya yi miki albarka. Kujerar da kika aiko ta iso, tare da wasiƙar babanki, na kuwa karanta ta a taro yadda kika ce. Gus ya miƙe ya ce ƙa'ida kujera ɗaya ta ce, ya yi ta faɗa, sannan ya ɗauki kujerar taki ya kai kusurwa da kansa.

Juma'ar nan babanki ya je ganin likitan gwiwa. Na leƙa kusurwa, sai ga Gus a sabuwar kujera da farantinsa, lemun kuma babu. Na buɗe baki zan yi magana, ya harare ni ya ce, "To me? Yaron zai ci shi kaɗai ne?"

Naki,
Kawu Norb