Jinkar Ɗakin Bawa

Zuwa ga mai girma Bature mai duba harajin ƙasarmu. Gaisuwa da ban girma, da fatan ka sauka daga rangadi lafiya.

Bayan haka, ni ne Ummaru, manomin albasa a wani ƙauye kusa da Aliero. Na sa an karanta takardar nan a kasuwar Jega kafin ta iso gare ka, don ba ni kaɗai abin ya ci ba.

Na farko, ranka ya daɗe, malamin ƙidayar da aka turo mana ko sauka daga doki bai yi ba. Ya leƙo ta saman darni ya ƙirga jinka, duk ɗakin namiji ya ce magidanci ne. A gidana ya ga biyu, ya ɗora mini harajin mutum biyu. Alhali mai riƙe fartanya ɗaya ne, ni, ga ƙugu ya fara ƙi na.

Na biyu, ɗaya ɗakin na ɗana Bawa ne, wanda ya bi fataken goro zuwa Gwanja. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, babu shi babu labarinsa. Mai gari ya ce abin da sauƙi, in kware jinkar, badi a cire shi daga ƙidaya. To, a nan ba a kware ɗakin mai rai. Sai an yi wa mutum sadakar arba'in ake taɓa jinkarsa. Uwarsa ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne, amma kullum da safe sai ta share ɗakin ta sake ruwan tulu. Wallahi ina jin tsoron idonta fiye da dogarin mai gari.

Na uku, ana karɓar harajin nan ne daidai lokacin cirar albasa, sa'ad da kowa ya jibge tasa a Jega, mai saye yana yanga kamar surukin da aka ba kyauta. Bara jakina ya tafi. Bana babu abin sayarwa sai geron da ke rumbu. Na so in koma Maiyama wurin dangin uwata, aka ce sunana na nan a takardar haraji, in na tashi gudun haraji na yi. Gaba kura, baya sayaki.

Roƙona, ka sa a ƙirga mutane, a bar jinka. A sauko daga doki, a yi sallama, a tambayi maigida wa ke kwana a ɗakin. In hakan ba zai yiwu ba, to zan kware ta, don yunwa ba ta san kara ba. Sai dai ka turo malamin naka ya tsaya gaban uwar Bawa ya gaya mata ɗanta ya mutu. Ni bakina ba zai iya ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama aiki ka koma ƙasarku ka tarar ba a kware maka naka ɗakin ba.

Wassalam.
Ummaru, uban Bawa.