Tolliver Biyu a Layi Ɗaya

Alabama, 8 ga Mayu, 1966

Zuwa ga Gwaggona Odessa,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Kawu Lemuel. Ubangiji ya tsare ku a can Detroit, ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Baba na nan wajen yankan katako, waken Mama ya fara 'ya'ya, Kaka kuwa har yanzu ita ke ɗaga waƙa a coci tun fasto bai buɗe baki ba.

Tikitin bas ɗin da kika aiko in taho ya iso. Na gode, amma ga shi na mayar miki, ki yi haƙuri ki ji dalilina. Kin ce wahalar ta isa, kuma gaskiya ne. Wata takwas ke nan da shigata makarantar fararen fata, ni kaɗai ce baƙar fata a ajinmu. Idan na ajiye farantina a ɗakin cin abinci, sai teburin ya watse. Wata rana ina dawowa gida muryata a dushe, don tun safe ban yi magana da kowa ba. Bisa jerin sunan iyali ake zaunar da mu, saboda haka Marybeth Tolliver ce a gefena, jikar mutanen gidan nan mai farar baranda da kakanninmu suka yi wa bauta har muka gaji sunansu. Kullum sai ta ja kujerarta, ta toshe hanci, ta ce wai wa ya bar garken aladu a buɗe. Ran nan ta juye mini tawada a hannu, ta ce kada in damu, ai ba za a gane ba.

To Gwaggo, al'adar makarantar ita ce ranar yaye ɗalibai ana shiga biyu-biyu, kafaɗa da kafaɗa, bisa wannan jerin, daga ƙofa har dandamali, a gaban duk garin. Uban Marybeth ya je ya ga shugaban makaranta. Shi kuma ya kira ni, da tattausar murya, wai don lafiyata bari a aiko mini da takardar shaidata har gida. Na ce masa na gode yallaɓai, amma an riga an auna mini rigar bikin. Da na gaya wa Kaka sai da ta ajiye cokali don dariya. Ta ce in ɗaga kai sosai ranar a ga haɓar nan tawa, wai ita ta san gidan da muka samo ta, jinin gidan nan mai farar baranda ne, su ma sun sani.

Fasto ya ce mu yafe. Na gwada, bai yiwu ba tukuna. So nake a kira Tolliver sau biyu a kunnen uwar Marybeth. So nake Marybeth ta jera da ni inda babu kujerar ja, kowa ya dubi fuskata ya dubi tata. Na ƙirga, taku sittin da huɗu ne. Wata takwas ana zuba mini ido, ita ma ta ɗanɗana, kuma a hankali zan yi tafiyar.

Ki gaida Kawu, da Vernell da jaririnta. Mama da Kaka suna gaishe ki. Ki canja tikitin ki zo da kanki, uku ga Yuni ne. Ki zauna inda za su gan ki, ai kin fi ni haɓar.

Ni ce 'yarki,
Ernestine Tolliver