Yaya Falmata, Sun Ce Ruwa Ya Kwanta a Kaina

Zuwa ga Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Amina, autarku. Malama Hauwa maƙwabciyata ke rubutawa, in ta gama matar liman za ta karanta mini in ji, don yanzu ba na yarda da mutum ɗaya. Malama Hauwa ta ce za ta sa a waya jama'a su gani. Su gani mana, ko a samu mai gaya mini gaskiya.

Yaya, ciwon kan nan da kika tafi kika bar ni da shi, ashe ƙari ne a ciki. Bukar ɗana ya kai ni asibiti a Kano aka yi mini gashin ƙarin. Ba wuta ba ce kamar yadda na zata, ba ki ganin komai, ba ki jin komai. Su rufe miki fuska da wani abu kamar raga, kowa ya fice, a bar ki ke da na'ura. Na ce in abin alheri ne, me ya sa suke gudu? Bukar ya ce, "Iya, don Allah ki yi shiru, ana jin ki."

An gama gashi, na ce alhamdu lillahi, na huta. Sai aka ce saura hoto. A cire miki ɗan kunne, a yi miki allura a jijiya, a tura ki cikin wani rami mai ƙara kamar injin casar shinkafa. Kin fito, a ce zauna ki jira, za a sake, wai don a ga ko ruwan allurar ya fita daga kan.

Likitan ya ce a cikin kan kowa akwai ƙananan hanyoyin ruwa masu wanke dattin ƙwaƙwalwa, galibi in mutum yana barci, gashi kuma yakan sa su yi nawa. Ya nuna mini hoton kafin gashi da na bayansa, ya ɗora yatsa ya ce, "Nan gefen ruwan yana jinkiri, Hajiya." Hajiya fa! Ni da ko Makka ban taɓa gani ba. Na ce to me zai same ni? Ya ce ba su gama sani ba tukuna, shi ya sa suke aunawa. Daga nan ya juya wajen Bukar da Turanci, suka daɗe suna yi. Da muka fito na tambayi Bukar, duk doguwar maganar nan ya ce mini, "Ba komai." Ba komai ne ke cin wannan lokacin?

Ke kin san kwantaccen ruwa, Yaya. Kin tuna shekarar da ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa a fadamarmu ta Auyo, shinkafar Baba ta ruɓe a tsaye, muna kallo daga kwalekwale? Da buɗe mafita ya gagara, Baba maza ya tara suka toshe mashiga da buhunan yashi. To ni ma na toshe mashiga. Na daina shan ruwa. Kunun safe awaki nake zuba wa, in an kawo fura in ce na ƙoshi. Na ce kafin hoto na gaba kan ya bushe, su duba su ga ba komai, su sallame ni.

Rannan wajen alwalar la'asar na faɗi. Bukar ya kira likita a waya, likitan ya ce ruwan sha daban, na kai daban, in na ci gaba ƙoda zan kashe, allurar hoton ma sai da ruwa take fita daga jiki. Ko gaskiya ne, ko so suke kan ya cika su samu abin ɗauka, Allah masani. Yanzu dai ina sha. Zainabu matar Bukar tsayawa take a kaina da moɗa, tana cewa, "Iya, haɗiye, na ga kin ajiye a kumatu."

Ba mutuwar nake tsoro ba, kin san ni. Ke ma hoto aka ce za a yi miki a Kano. Kika leƙo kika ce, "Auta, juya mini daddawata a rana, da yamma ina nan." Aka kwantar da ke. Kafin mu samu mota an riga an kai ki, cikin mutanen da ba ki taɓa gaisawa da su ba. Har yau ban san inda zan tsaya in yi miki addu'a ba. Ni a Haɗejia nake so a ajiye ni, kusa da Inna.

Gobe ne hoto na gaba. Bukar ya rantse mini a ranar za mu dawo. Amma yau da safe na buɗe akwatina, zannuwana babu, bargo babu, butata ma ba ta a ƙofar ɗaki. Na hango jaka a bayan ƙyauren Zainabu. Na ce mai dawowa da yamma me zai yi da bargo? Ta ce sanyin mota ne. Cikin wannan zafin! Kuma ba ta kalle ni ba.

Zan je. In na ƙi, Bukar zama zai yi a ƙofata ya sunkuyar da kai, wannan kuma ba zan iya gani ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya buɗe abin da ya toshe a kaina, Ya dawo da ni gida da ƙafata. In kuwa sun riƙe ni, Yaya, Allah Ya sa a ajiye ni kusa da ke, don duk Kano ke kaɗai na sani.

Ƙanwarki,
Amina