Yaɓen da Ya Shafe Shaidar Ruwa

Zuwa ga Yayana Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rumasa'u da yara, ya kuma sa albarka a nemanka can Fatakwal. Mu nan Karaye da sauƙi. Ƙafar Inna ta ɗan saki, har tana fita tsakar gida da sanda, ƙanwarmu Ikilima kuma ta sauka lafiya a Rogo, an samu mace. Kwana tara ina neman lambarka ba ta shiga, shi ya sa na ba Shitu direba wannan takarda, tunda ya ce ya san rumfarka.

Yaya, na yi ɓarna da hannuna, kuma na rasa inda zan sa kaina. Da bazara mai unguwa ya sa aka yi shela cewa baƙi za su zo daga Kano su duba gidaje. Babu wanda ya tsaya tambayar me za su duba. Ka san mu da baƙo. Ni na tara matan layinmu, muka kwaɓa ƙasa muka yaɓe katangu, muka bi da farar ƙasa. Har baƙin zanen nan da ambaliyar bara ta bari a bangon ɗakin Inna, wanda ya kai ƙugu, na shafe shi tas, ina murna ba za a gan mu cikin ƙazanta ba. Ashe shi suka zo nema. Masu zana taswirar ambaliya ne, suna bin gari da sandar awo suna auna inda ruwa ya tsaya a jikin bango, don a san inda za a fara gina lambatu. Suka tarar da layinmu fes kamar gidan biki. Wata a cikinsu ta durƙusa ta gai da Inna, ta tambaye ta ko ruwa yana damun mu, Inna ta ce alhamdulillahi, ruwa ai rahama ne, sai godiya. Yarinyar ta rubuta, ni kuwa ina gefe ina dama musu fura.

Makon jiya aka liƙa taswirar. Inda ruwa ke ci an shafa ja, can za a yi aiki, mu kuwa an shafa mana kore. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, to mu mun ɓoye. Na je na sami shugabansu ina kuka, kuma wallahi mutumin bai wulaƙanta ni ba. Ya ce bai ƙaryata ni ba, amma tunda aka ji ja ne ke kawo lambatu, kowa ya zo yana rantsuwa ruwa ya kai masa wuya, don haka sai da shaida, hoto mai kwanan wata, kafin ƙarshen watan nan da za su rufe aikin. Na dawo na kankare yaɓen da wuƙa ko zanen zai fito, sai ya biyo ƙasar ya zube.

Kai kaɗai ka ɗauki hotuna ranar ambaliyar da ta same ka a gida, lokacin da Lukumanu maƙwabcinmu ya goyo Inna ruwa na dukan cikinsa, har ta yi maka faɗa wai kana tona mata asiri. Don girman Allah ka duba wayarka ka turo wa Lukumanu hotunan. In ta lalace ne ka kai wa mai gyara ko nawa zai ce. In kuma sun ɓace, kar ka ɓoye min, ka taho da kanka ko Inna za ta ji maganarka.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Inna. Da farko ta yarda za ta koma wajen Ikilima har damina ta wuce, amma tunda ta ji koren nan ta kwance kayanta. Ta ce masu ilimi da na'ura sun ce gidanta lafiya, ni wace ce da zan fi su sani. Ruwa biyu kacal aka yi, bangon ɗakinta ya tsage har hannuna yana shiga, ga Agusta ba ta ma zo ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na turo mata liman, duk a banza. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ka gai da Rumasa'u da Mujahid da 'yar auta Turai. Kawu Salisu na Beli da Gwaggo Hajo suna gaishe ku. Ni dai na mayar da tabarmata ɗakin Inna, na shimfiɗa tsakanin gadonta da bangon, in zai faɗo ya fara da ni.

Taka ƙanwa,
Munawwara