A Cire Humrar, A Bar Rediyona Ya Tafi Jamus

Zuwa ga Manajan kamfanin aika kaya ƙasashen waje, reshen Maiduguri.

Assalamu alaikum. Yallaɓai, wushe da aiki, ya iyali, ya zafin garin nan. Sunana Modu, amma a Kasuwar Kwastam in ba ka ce Injiniya ba babu wanda zai nuna maka shagona. Duk rediyon da ya mutu a garin nan, in dai an kawo shi gabana, sai ya tashi ya yi magana. Rubutu ne kawai bai karɓe ni ba, sai ka yi haƙuri da yadda ya zo. Na zo ofishinka sau biyar ana ce min kana mitin, shi ya sa na fito fili ta jarida.

Na farko, ga yadda abin ya faro. Wani Bature a Jamus yana tara tsofaffin rediyo masu cin kaset. Abokina Malam Yohanna, malamin makaranta, shi ya haɗa mu ta intanet, shi ke rubuta min Turancin. Baturen ya ga hoton wani babban rediyona mai baki biyu, wato lasifika biyu, ya ce in aika masa na gwaji, idan ya isa lafiya zai riƙa saye a wurina. Jin haka na bi gida-gida daga Lamisula har Abbaganaram ina kwaso tsofaffin rediyo, har shago ya cika, wurin sallah ma da ƙyar. Maƙwabta suna ce min ɗan bola, ina ce musu ku jira.

Na biyu, ɗaurin kayan. Yallaɓai, ko ma'aikatanka sai da suka tsaya kallo. Na cire batir kaf, na kwantar da eriya na naɗe ta, na yanka soson katifa na rufe lasifika, kwali biyu na sa, ɗaya cikin ɗaya, na zagaye da salatif. Ko daga kan tirela ya faɗo ba abin da zai same shi. Kafin in rufe ne uwargidana Ya Falmata ta shigo da kwalbar humra da ƙullin turaren wuta, haɗin hannunta. Ta ce ita ba ta taɓa ganin an aika wa mutum kaya daga Borno ba tsaraba ba, ko so nake matar Baturen ta ce ba mu da tarbiyya? Gaskiyarta ce, na sa su a gefe.

Da na kai kwalin kantar ofishinku, ma'aikaciyarku ta tambaye ni me ke ciki, na ce rediyo. Ta ce da batir? Na ce babu. Iyakar tambayarta ke nan. Wallahi ban ɓoye komai ba. Ni a wurina tsaraba ba kaya ba ce, gaisuwa ce.

Na uku, yau mako uku kwalina yana kwance a sitonku na Legas. Wai na'ura ta hango kwalba, turare kuma yana kama wuta, ba ya shiga jirgi. To na yarda, na yi kuskure, yanzu na sani. Na ce a buɗe a cire. Aka ce ba a buɗe kwali sai mai shi ya sa hannu a gabansu, can Legas. Yallaɓai, daga Maiduguri zuwa Legas don sa hannu ɗaya? In rufe shago in bar gida da me? A nan kuka karɓi kayan, a nan kuka ga fuskata, me ya hana in sa hannun a nan?

Baturen ya yi haƙuri har ya gaji. Ya ce idan Juma'ar nan bai ga alamar kwalin ya motsa ba, ya fasa, zai nemi wani. In ya fasa, jarina gaba ɗaya yana cikin rediyon nan da suka cika min shago, kuma ba mai sayensu a garin nan, kowa waya yake saurara. Ni da ake taruwa a shagona don dariya, yanzu abinci ma tura shi nake.

Roƙona guda biyu ne. Ka ba ni takardar in sa hannu a ofishinka, ko yau, a buɗe kwalin a cire kwalbar da ƙullin, a mayar da soson yadda na sa, a tura rediyon kafin Juma'a. Humrar kuma a ba wa duk wanda ya buɗe ya kai wa iyalinsa, ba zai samu irinta a Legas ba. Sannan ku koya wa masu kanta su riƙa tambayar mutanenmu ko akwai tsaraba a ciki, don ba ni ne na ƙarshe ba.

Abu ɗaya ya rage. Har yau ban faɗa wa Ya Falmata dalilin riƙe kwalin ba. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko matar Baturen ta yaba, in ce mata jirgi ne bai cika ba. Ita ba ta karanta jarida, amma ƙannenta suna karantawa. To ku surukaina, don Allah ku kama bakinku.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare maka iyali, ya sa ka ga wannan takarda kafin Juma'a.

Wassalam.

Modu Injiniya,
Kasuwar Kwastam, Maiduguri.