Kuɗin Motar Gusau

Talata, 13 ga Nuwamba, 2018. Bukkuyum, bayan Isha'i, a zauren gida.

Har yanzu raina a ɓace yake. Manhajar koyon jarrabawar ɗaukar aiki tana da biyan wata da biyan shekara. Na wata na zaɓa, domin jarrabawar a ƙarshen watan nan take. Na miƙa wa Yaya Sani wayar ya sa lambar katinsa, tunda kuɗina a asusunsa nake ajiya. Sai ya danna na shekara, bai ko tambaye ni ba.

Da na yi magana, dariya ya yi. "Haba ɗan boko, wa ka awon gero tiya-tiya alhali buhu ya hi arha?"

Lissafinsa daidai ne, na sake dubawa. Amma a cikin buhun nan nasa har da kuɗin motata zuwa Gusau, inda za a rubuta jarrabawar. Inna ta ce in yi haƙuri, babba ne.

Abin da ban sani ba: ko suna mayar da kuɗi. Ko Yaya zai biya. Me zan yi da wata goma sha biyu na shirin jarrabawar da ban je ba.